Motar Alhaji Mudi Ba Ta Son Kasuwa

Tun ranar da Mai Gari Awaisu ya ce bayan kaka zai naɗa Garkuwan Manoma a garinmu Tsaunin Gauta, nan bayan Dayi, Alhaji Mudi ya daina tafiya irin ta mutane. Kafaɗa ta ƙara faɗi, gaisuwa ta ragu. In ka ce masa ina kwana sai ya ɗago maka hannu kawai, kamar wanda bakinsa ke cike da garin rogo.

Sarautar kuwa ba ta ado ba ce. Garkuwa shi zai riƙa tsaya wa manoma in an kawo musu takin da aka cuɗa da yashi, ko 'yan sari sun zo da tiyar da aka bubbuge wa gindi don ta ƙara ci. Mutum biyu ake ambata. Akwai Malam Rabe, wanda abin hawansa bai wuce keken shanu ba, sai Alhaji Mudi, wanda Allah ya ba shi waken suya a shekarar, baki kuwa tun yana goye aka ba shi.

"Rabe?" in ji shi a majalisarmu ta gindin darbejiya. "Yo in aka ce Rabe ya je Funtua ya ƙwato ma talaka haƙƙinshi, da bijimi zai je? Kafin ya isa ai an tashi ofis. Ku dai ku zuba ido. Kafin a gama sussukar masara zan shigo garin nan da abin da Mai Gari zai gani da kanshi ya ce a kawo rawani."

Ya sayar da wake ya nufi Funtua, wajen Alhaji Murtala mai sayar da motoci. Murtala irin mutanen nan ne masu carbi a hannun dama, makullin mota a hannun hagu, kuma duk motar da ke filinsa wata tsohuwar likita ce ta hau ta a Turai, daga gida sai asibiti. Ya dubi Mudi, ya dubi aljihun Mudi, ya ja shi gaban wata baƙar mota mai tudu, 'yar Kwatano. Ya durƙusa ya nuna masa wasu 'yan abubuwa zagayayyu a jikin bamba, kamar maɓallan riga.

"Ka ga waɗannan, Alhaji? Idanu ne. Motar nan gani take. Yaro ya gifta ko akuya, kafin ka ce innalillahi ta yi ƙara ta taka ma kanta birki. Ba kowa nike nuna mawa ba, sai manya."

Kalmar manyan nan ita ta ƙarasa cinikin.

Ranar da ya shigo da ita gari ba a yi aikin kirki ba. Ya tara mu a filin makaranta ya ce wani ya tsaya a gaba a ga ikon Allah. Muka ce mun gode, muna da iyali. Aka kawo buhun dusa aka jingine, ya taho a hankali hannuwansa biyu a sama, motar ta yi ƙi-ƙi-ƙi ta tsaya cak dab da buhun. Ya fito yana gyara hula kamar shi ya ƙera ta.

"Ku je ku gaya ma Rabe ya gwada da bijiminshi," in ji shi.

Da ya tsaya nan da ba ni da labarin ba ku. Amma Mudi ba ya tsayawa. Ya lura cewa duk mai sarauta motarsa na da allo a gaba, shi kuma a ransa an riga an naɗa shi, rawanin ne kawai ya yi jinkiri. Ya je Malumfashi aka yanka masa jan ƙarfe, aka rubuta GARKUWAN MANOMAN TSAUNIN GAUTA da ruwan zinariya, aka yi masa ƙugiya ta ratayawa a bamba. Ya duba ya ga bai cika ido ba, ya kai wa baduku ya zuba masa gezar fata dogaye dama da hagu, ja da kore, suna reto.

Hajiya Mero, matarsa, ta gan shi yana goge allon da hannun riga a zaure.

"Alhaji, an yi naɗin ne ban ji guɗa ba?"

"Ke ba ki san siyasa ba. Suna ake fara aikawa gaba, sannan mutum ya bi shi."

"In Mai Gari ya gani fa?"

"A ina zai gani? Mutumin da ciwon gwiwa ya hana shi zuwa kasuwa? Cikin gari allo na cikin but, ƙarƙashin buhu. In na fita na rataya. In zan je Funtua kuma na cire, don mutanen Funtua in suka ga sarauta sai su yanke ka ba wuƙa. Kin ga basira?"

"Na ga dai wahala," in ji Mero, ta ɗauki tsintsiyarta.

Akwai wata ɗorawa a bayan gari, inda hanya ta yi kwana. Nan ya mai da wurin naɗinsa. Ya tsaya, ya waiga dama da hagu, ya buɗe but, ya rataya allo, ya koma mota yana Garkuwa. Da yamma a nan zai tuɓe kansa ya shigo gari yana Mudi. Mu da ke zuwa kasuwa duk mun gani. Ba wanda ya kai wa Mai Gari, ba don muna son Mudi ba, sai don irin wannan wasan ba a ɓata shi tun bai nuna ba.

Fitarsa ta farko Malumfashi ce. A kan kwalta mota ta miƙe sumul. Da ya shigo layin 'yan hatsi ya rage gudu, ya sauke gilas, ya fito da hannu don a san wanda ke wucewa. Hannun bai gama ɗaguwa ba motar ta fasa ƙara ta dafe ƙasa. Goshinsa ya gaisa da sitiyari, hula ta yi gaba. Wani mai babur da ke biye da shi ɗauke da kwandunan tumatir ya rungumi bayan motar, tumatir ya watse har cikin buhunan gero.

"Kai Alhaji! Barci kake ko makaho ne kai?"

"Ni kake ce ma makaho? Motar nan kaɗai ta fi duk danginku ido!"

"To me ta gani?"

Mudi ya leƙa. Ba yaro, ba akuya, ba komai a gaba sai hanya.

"Abin da ta gani ya fi ƙarfin idonka," in ji shi, ya ja mota. Ta yi taku kaɗan ta sake dafewa. Ya sake ja, ta sake. Haka ya fita daga kasuwar Malumfashi yana tsalle-tsalle kamar kwaɗo, 'yan dako na bin sa da tafi.

Washegari ya nufi Funtua. Allo na cikin but. Ya sa wata tsohuwar riga mai yagaggen aljihu da silifas, wai kada a ga alamar arziki, kamar ba shi ne ya zube kuɗin wake a teburin mutumin nan ba. Makanikan Murtala suka jona wa motar kwamfuta, suka zaga da ita cikin gari a hankali, suka zaga da gudu, suka shiga har layin 'yan gwari. Ko tari ba ta yi ba.

Abin da ya kamata Murtala ya ce shi ne bai ga komai ba. Amma Murtala tun da aka haife shi bai taɓa cewa bai sani ba. Ya ja carbi, ya girgiza kai irin na mai jaje.

"Birki ne, Alhaji. Birkin Turai bai saba da zafinmu ba, in rana ta buge shi sai ya riƙa kama kanshi. Za mu sa maka na nan."

"Dama na faɗa a raina birki ne," in ji Mudi. "Ni kunne kawai nike sa ma mota in san ciwonta."

Aka cire lafiyayyen birki aka sa wani. Ya dawo gari ya shaida mana cewa shi ya nuna wa makanikan Funtua inda ciwon yake, har sun roƙe shi ya riƙa leƙo su.

Sai ranar kasuwar Gozaki. Bayan ya yi naɗinsa a gindin ɗorawa, ya tarar da wata dattijuwa a bakin hanya tana jiran mota da bokitin nono. Inna Tsohuwa ake ce mata, bakinta kuwa ya fi rediyo nisan zango. Mudi ya ga ai wannan ita ce za ta kai sunansa rugage da ƙauyuka kyauta. Ya buɗe mata gidan gaba.

"Shigo, Inna. Yau motar Garkuwa kika shiga, ba ko sisi."

"Allah ya ja kwana, Garkuwa. Bari in sa bokitin a baya."

"Riƙe abinki a cinya. Motar nan ko ƙwai kika ɗora a kanki ba zai motsa ba. An gyara ta jiya, ni na tsaya a kai."

Suka iso bakin kasuwa, ya rage gudu, ya sauke gilas. Ƙi-ƙi-ƙi, cak. Nonon ya tashi gaba ɗaya ya yi wa gilashin gaba fenti, ya dawo ya sauka a kan shaddar Mudi, daga hula har takalmi. Inna Tsohuwa ta dubi bokitinta, ta dubi Garkuwa yana tsiyaya.

"Ɗan nan, da ka ce mani wanka kake so da na taho da ruwa, ya fi araha."

Ya biya nono, ya sha zagi, ya yi tsallen kwaɗo ya bar Gozaki ƙudaje na rakiyarsa.

A Funtua, da tsohuwar rigarsa da allonsa a ɓoye, ya buga teburin Murtala har carbi ya faɗi. Aka sake zagawa da mota. Lafiya lau. Murtala ya rufe ido kamar mai istihara.

"Na gano ta. Ƙwaƙwalwa ce. Kowace mota ta zamani tana da ƙwaƙwalwa a ciki, ta wannan ta sha ruwan teku a jirgi. Akwai wata da muka ciro daga irinta, mai ita ya ɗan yi hatsari kaɗan."

Yadda kaɗan ɗin yake ba wanda ya tambaya. Aka dasa sabuwar ƙwaƙwalwa. Daga ranar, in Mudi ya kunna sigina sai abin share gilas ya kama aiki, in ya danna hon sai gilasan baya su sauka. A majalisa da ya zo wucewa sai mu ɗaga murya, "Alhaji, danna hon na baya su sha iska!" Ya ce mana sabon tsari ne, sai motocin manya ke da shi.

Amma a kasuwa ba abin da ya sake. Cikin garinmu tafiya take kamar amarya, a Funtua haka, da ta ga rumfuna da jama'a sai ta turje. Wasu suka ce likitar da ta hau ta a Turai ba ta son hayaniya. Wasu suka ce kunya gare ta. Mero ta ce ita dai ta san motar ta fi mai ita hankali, tunda ta san inda ya kamata a tsaya.

Komawarsa ta gaba Murtala ya gaji da ganin yagaggen aljihun nan. Ya sa aka tsinke wayar da ke yin ƙarar.

"Ƙarar ce ke firgita birkin, Alhaji. In ya ji ƙi-ƙi-ƙi sai ya zabura. Yanzu mun kashe ta. In kuma ta sake, to ka nemi malami, don kasuwa ba mu kaɗai ke cin ta ba."

Da can motar tana yi masa sallama kafin ta buga shi da sitiyari. Yanzu sallamar ma an cire.

Aka gayyace shi ɗaurin aure a Mahuta. Motoci suka jeru za su shiga ƙofar masallaci a hankali, Mudi ya kutsa ya shige gaba, don ina aka taɓa ganin Garkuwa a bayan wani. Geza na reto, yana ɗaga hannu, sai tsit, mota ta kafe ba gargaɗi. Motar waliyyin ango ta sumbace shi ta baya, bas ɗin abokan ango ta sumbaci waliyyi, huhun goro da katan ɗin alewa suka fashe a tsakiyar titi. Waliyyi ya fito da kumburarren leɓe, da ƙyar aka ji abin da yake cewa wajen karɓar aure. Mudi ya danna hon don a ba shi hanya, gilasan baya suka sauka, zagin da ake yi masa ya shigo sosai.

Da wani ne ya ga haka, da ya ajiye mota ya huta. Mudi kuwa a nan ya hango rawani.

"Allah ne ya kawo mani wannan," ya ce mana. "Me ake nema ga Garkuwa? Wanda zai durƙusar da macuci. To zan jawo Murtala da kanshi, dilan Funtua guda, in gurfanar da shi a ƙofar Mai Gari, gaban kowa. Ranar za a ga bambancin mai mota da mai bijimi."

Murtala ya yarda ya zo, ba don ladabi ba. Mudi ya bi kasuwanni yana shelar cewa motocinsa masu aljanu ne, har masu saye sun fara tsallake filinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ƙofar Mai Gari ta cika. Har masu tallar gyaɗa sun baro tasha. Mai Gari Awaisu na kan kujera, ƙafa miƙe saboda gwiwa, sandarsa a gefe. Malam Rabe na can baya cikin jama'a. Mudi ya sha sabuwar shadda, ya miƙe ya yi jawabi tun daga tumatirin Malumfashi har leɓen waliyyi, yana nuna Murtala da yatsa, yana kiran kansa murya ta talakawa.

Mai Gari ya saurara har ya gama. "To, mu ga ciwon da idonmu. Ja ta a hankali, yadda kake yi a kasuwa."

Mudi ya shiga, ya zaga fili a hankali. Ya sauke gilas ya ɗaga hannu. Ya sake zagawa. Motar nan tafiya take kamar an shafa mata mai. Ya zaga har jama'a suka fara hamma.

Murtala ya gyara babbar riga, ya russuna. "Allah ya ja zamaninka, ka gani da idonka. Haka take yi a wajenmu kullum. Ni kunya ce ta hana ni faɗa tun farko. Motata lafiyarta lau. Alhaji Mudi ne bai iya tuƙi ba. In ya ga jama'a sai ya rikice ya taka birki, ya ce mota ce."

Aka kwashe da dariya. Da Murtala ya ce masa ɓarawo da ya fi masa sauƙi.

"Ni ban iya tuƙi ba? Ni? Ina da shaida! Inna Tsohuwa, fito!"

Ashe ya aika an ɗauko ta tun safe. Ta fito tana gyara mayafi, ta gai da Mai Gari, ta ba da labarin nononta da yadda ta kwana tana jin wuyanta. Ta rantse ƙafar mutumin ba ta kan birki, don ita da idonta ta ga yana karkaɗa ta yana waƙa.

"Madalla," in ji Mudi. "Nuna masu motar, Inna."

Ta zaga motar, ta tsaya a gaba, ta sunkuya, ta miƙe.

"Ba ita ba ce."

"Inna, duba da kyau."

"Na duba. Wannan ai ba ta da komai a goshi. Waccan ta Garkuwa ce, da jan allo da geza har ƙasa, ja da kore."

Mai Gari ya ɗan karkato. "Wane Garkuwa, Inna?"

"Garkuwanku mana, Allah ya taimake ka. Ga shi nan tsaye. Shi ya ce mani motar Garkuwa na shiga. Ni dai wannan ba ita ce ta zubar mani da nono ba, ba zan yi shaidar zur ba ina tsufa."

Mu da muka san abin da ke cikin but muka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Gumi ya keto wa Mudi ta ƙarƙashin hula. In ya yi shiru ya tashi a maƙaryaci wanda bai iya tuƙi ba. In ya buɗe but, to ya buɗe.

Murtala ne ya ƙarasa shi. Ya tafa hannu yana dariya. "Jama'a kun ji! Shaidar da ya kawo da kuɗin motarshi ta ƙaryata shi. A ba shi keken shanu ya fara koyo da shi!"

Keken shanun nan ne ya tsinke masa tunani. Ya yi wuf ya buɗe but, ya yaye buhu, ya ɗago allon sama da hannu biyu, geza na kaɗawa.

"Ga shi! Inna, yanzu ita ce ko ba ita ba ce?"

"Yauwa," in ji Inna Tsohuwa. "Yanzu na ga mota."

Mai Gari ya laluba aljihu ya ciro tabarau. Ya karanta allon tun daga farko har ƙarshe, leɓensa na motsi, bai yi sauri ba. Ya cire tabarau ya mayar.

"A rataya," in ji shi. "A kama ni in tashi. Ni zan shiga gaba."

Aka rataya. Aka taimaka masa ya shiga. Da yake ya ji abin da ya sami nono, ya sa aka ɗaura masa bel, ya riƙe sanda da kyau. Mudi ya ja a hankali. Ba su kai bakin rijiya ba mota ta kafe. Bel ya riƙe Mai Gari, amma ba wanda ya ɗaura wa rawani bel. Rawanin ya tashi ya bugi gilas ya warware a kan cinyarsa.

Mudi ya diro yana tsalle, ya manta da komai. "Kun gani! Kun gani da idonku! Wa ya ce ban iya tuƙi ba? Na ci shari'a!"

Ba wanda ya taya shi. Murtala ya riga ya ruga gaban motar ya durƙusa, yana kallon gezar da ta sauko ta kwanta daidai kan 'yan maɓallan nan na bamba. Ya ɗaga ta, ya sake ta, ta koma ta rufe su. Ya miƙe fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka.

"Allah ya ja zamaninka, ga aljanin! Gezar nan ce ke rufe mata ido. In yana gudu iska ta ɗauke ta, in ya rage gudu ta sauko, mota ta zaci mutum ne a gabanta ta tsaya. Aikinta take yi! Shi kuma in zai zo wajenmu sai ya ɓoye. Ina laifina?"

Aka cire allo aka ja, lafiya. Aka mayar, ta kafe. Har Inna Tsohuwa ta gane.

Mai Gari ya dawo kujerarsa, ya naɗa rawaninsa da kansa, a hankali, kowa na jira.

"Alhaji Murtala, ashe motar ba ta taɓa ciwo ba."

"Ko kaɗan, ranka ya daɗe. Garau take tun daga Turai."

"To birkin da zafi ya kama fa?"

Murtala ya buɗe baki, Mai Gari ya tare shi.

"Da ƙwaƙwalwar da ta sha ruwan teku? Da ƙarar da ke firgita birki? Lafiyayya aka kawo maka, ka yi ta yanka ta kana karɓar kuɗin magani. Abin da aka sa don ya ceci ran yaro a hanya ka tsinke mashi waya don kada a dame ka. Da wani ya mutu a Mahuta me za ka ce?"

Carbin Murtala ya tsaya. Mai Gari ya yanke cewa ya mayar da birkin asali da ƙwaƙwalwar asali, ya jona wayar da ya tsinke, ya mayar wa Mudi abin da ya karɓa na gyara, ya kuma gyara motar waliyyi. Murtala ya ce ya ji ya karɓa, da wata 'yar murya da ba mu san yana da ita ba.

Mudi ya gyara tsayuwa, ya fara murmushi. "Allah ya ja zamaninka, ka ga irin tsayuwar da nike faɗi. In aka ba ni dama, duk macucin da..."

"Mudi."

"Ranka ya daɗe."

"Wa ya naɗa ka?"

"Ai... wato... shiri ne kawai, ranka ya daɗe. Don kada ranar ta zo a yi ta gaggawa."

"A gindin ɗorawa ake naɗi yanzu?" wani ya jefo daga baya. Ban ce ni ne ba.

Mai Gari bai yi dariya ba. "Motar nan baƙuwa ce, daga Turai ta zo, ba ta san kowa ba a garin nan. Amma duk inda ka rataya mata ƙarya a goshi sai ta tsaya ta ƙi tafiya. Ta yi maka ƙara, ka bari aka toshe mata baki. Kai da aka haifa a nan ko sau ɗaya ƙafarka ba ta tsaya ba." Ya miƙa hannu aka ba shi allon, ya juya shi, ya shafa gezar. "Aikin kam ya yi kyau. Babu sunan kowa a jiki ko?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To madalla. A shigar mani da shi ciki."

Bayan kaka aka naɗa Malam Rabe. Cikin kayan da Mai Gari ya ba shi har da jan allo mai geza. Rabe bai da bamba, sai ya ɗaure shi a gaban keken shanunsa. Bijiman ba su da ido a nan wurin, ba su taɓa tsayawa ba. Kullum da safe sai sun bi ta ƙofar gidan Mudi za su gona, geza na reto, ja da kore. Ran farko Mudi ya leƙo ya ce wa Mero, "Kin ga allon can? Ba don ni ba da Garkuwa bai samu irinshi ba." Mero ta ce gaskiya ne, ba don shi ba da Rabe bai samu rawanin ba ma.

Murtala ya cika alkawari, ya mai da komai yadda yake. Yanzu in an danna hon, hon ne ke kuka. Motar kuwa ta warke sarai, Malumfashi, Gozaki, Mahuta, ba kasuwar da ba ta shiga lafiya lau ta fito. Ƙanin Mero ne ke kai ta. Alhaji Mudi ne yanzu ba ya son kasuwa.